Bakwai Bisa Ashirin

A shekarata ta huɗu da fara koyarwa aka sa sunana cikin malaman da za su duba takardun jarrabawar gama firamare. A layinmu na Zongo abin ya zama labari. Mahauta suna yi mini barka, mahaifiyata kuma ta sa aka goge mini riguna biyu.

A wata makaranta wajen unguwar Agla aka tara mu, ana tsakiyar damina, ruwa ya kwanta a harabar har idon sawu. Mu goma sha biyu ne a ɗakinmu, zaune a bencin yara, gwiwoyinmu suna dukan tebur. Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ya kusa ajiye aiki. Ya raba mana barem, wato takardar da ke faɗin makin kowane abu: gabatarwa kaza, ayyuka uku a jere kaza, tsabtar Faransanci kaza, sai rufewa, inda dole yaro ya faɗi yadda ya ji a ransa. An naɗe kusurwar kowace takarda an manne, don kada mu ga suna.

Tambayar ita ce yaro ya ba da labarin ranar da ya taimaki ɗaya daga iyayensa a wurin aiki. Kafin azahar na karanta takarda wajen arba'in, kusan duk abu ɗaya. Yaran da aka haifa tsakanin kwalta da kwata duk sun bi ubansu gona da asuba, tsuntsaye na kuka, sun dawo a gajiye amma cikin farin ciki. Hadda ce, na san littafin da suka kwaso ta. Barem kuwa ya ce a ba su sha huɗu, sha biyar bisa ashirin, na ba su.

Sai na kai ga wata takarda mai rubutu a karkace. Yarinya ce, ta rubuta cewa uwarta na sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo. Ranar da aka yanke sabon dila, aikinta shi ne laluben aljihuna kafin a baza kaya. A aljihun wata jar kwat ta sami ƙullin takarda, a ciki haƙorin yaro ne ɗan ƙarami. Uwar ta ce ta yar. Ita kuwa ta ɓoye shi a bakin zanenta yini guda, tana tunanin ko mai kwat ɗin na can wata ƙasa tana nemansa. Da yamma ta tona rami bayan rumfa ta binne shi. Jimlarta ta ƙarshe ita ce, uwarta ta sayar da kwat ɗin kafin la'asar.

Kurakuran rubutu sun fi ashirin. Babu gabatarwa. Kalmar dila ma da Hausa ta rubuta ta, don ba ta san ta Faransanci ba. Na karanta sau biyu, na sa sha uku.

Shugaba kan ɗauki wasu takardu daga tarin kowa ya sake dubawa. Ya zo da takardar yarinyar har bencina, ya ajiye a hankali.

"Malam, ina ayyuka ukun?"

"Shugaba, ka karanta ta kuwa? Ita kaɗai ce ta faɗi abin da ya faru da ita."

"Na karanta. Ta fi duk abin da ke ɗakin nan." Ya cire tabarau ya murza ido. "Amma nuna mini layin da ta faɗi yadda ta ji."

"Ai duk labarin shi ke nan."

"Nuna mini layin."

Babu layin. Ya ce in kowa ya bi zuciyarsa, yaron da ya faɗa hannun mai taurin rai ya shiga uku, barem ne kaɗai ke daidaita mu. Ban iya ƙaryata shi ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Muka bi takardar tare, gida-gida bisa barem, muka tara. Bakwai. Da hannuna na soke sha ukun, na rubuta bakwai, na sa hannu a gefe.

Ban san ko ta ci jarrabawar ba. Makonni na yi ina ratsa layin 'yan gwanjo ba tare da ina sayen komai ba, ina kallon yaran da ke laluben aljihuna. Suna da yawa, kuma ko na gan ta ban san me zan ce mata ba.

Da aka koma makaranta na rubuta wa ajina jimlolin gabatarwa da na rufewa a allo, suka haddace. Duk wanda ya kawo mini labarin turken shanun ubansa ko rumfar uwarsa yadda yake, sai in mayar masa ya gyara. A shekarar yarana suka ci fiye da kullum. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya aiko mini da cinya guda don godiya, iyaye kuma suka fara roƙo a sa 'ya'yansu a ajina. Har yau haka nake koyarwa.