Kwaɗon Rama Kwano Bakwai

Shekarun baya, a Zango, na taɓa jefa gida bakwai cikin haɗari a wuni guda, da mutuncin mahaifiyata a kai. Kwano bakwai na kwaɗon rama ne suka fita daga gidanmu, kuma duk wanda ya sa hannu a ciki ransa yana wuyana.

Lokacin ina sayar da taki da maganin feshi, ina bin kasuwanni har Baure da Dutsi. Da jarka biyu na fara, na kai ga shago. Ina jin kaina ƙwarai, gani nake babu ƙwaron da ya fi ƙarfina.

Mahaifiyata tana da 'yar garka a bayan gida: rama, kuɓewa, yakuwa, sai kabewa da ke bin darni. Da ruwan fari take shuka, tun kafin gero ya kai gwiwa ramarta ta isa tsinka. Kuma tana da al'ada: tsinkar farko ba a ci a gida kaɗai. Takan dafa ganyen, ta matse, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, ta yanka albasa, ta ɗiga man gyaɗa, ta raba wa maƙwabta.

Wata Laraba ta tafi suna. Na leƙa garkar na ga tsutsa ta huhhuda ganyen. Na ce, gidan mai magani guda? Abin kunya ne. Na haɗa maganin da nake ba manoman wake, na ma ƙara murfi ɗaya don ya ji. A jikin kwalbar an rubuta a jira mako biyu kafin a ci. Na yi feshina, na wanke hannu, ban gaya wa kowa ba. So nake ta ga ganye ya yi kyau ta tambaya, ni kuma in yi murmushi.

Washegari na yi sammakon kasuwa. Ban dawo ba sai azahar. Ina shiga na ji ƙamshin ƙuli, ga turmi a jingine, ga kwano a rufe a kan tabarma.

Ta ce, "Zauna ka ci. Ramar bana ce, ko tsutsa babu yau."

Na ce, "Inna, a ina kika tsinko?"

"A ina kuwa? Kasuwa zan je sayen rama ina da tawa?"

Na tambaye ta ko ta ci, ta ce ɗanɗana gishiri kawai ta yi, jirana take. Na tambayi sauran, ta fara lissafa mini gidajen da ta kai da kanta. Tana zuwa na bakwai na gaya mata abin da na yi.

Ni ne ɗanta na fari, tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ran nan ta kira shi, sau ɗaya. Sannan ta ja mayafi ta ce, "Ka bi gabas, in bi yamma."

Da gudu na fita, babu ko takalmi. Gida uku ba su taɓa ba, na karɓe kwanonin. A gidan liman yara sun ɗan ci. Matarsa ta ce a ba su nono, na ce a'a, asibiti. A lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, sai lissafin diyya ya faɗo mini a rai ina cikin gudu. Ban ɓoye muku ba, ɗan kasuwa ne ni. Daga baya na ji kunyar wannan tunanin.

Na ƙarshe shi ne tsohon da muke katanga ɗaya, wanda ya yi kiwon shanu har ƙarfinsa ya ƙare. Na same shi a zaure yana suɗe hannu, kwano tas.

Na ce, "Baba, kai kaɗai ka cinye?"

"Da wa zan ci? Ko ka zo bin bashin ƙuli ne?"

Na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, "To, ni ma ka ɗauke ni tsutsa ke nan." Yana dariya, amma gumi ya riga ya jiƙa masa riga, yawu yana zuba. Kafin in tayar da babur ya fara amai. Liman ne ya riƙe shi a baya muka kai shi asibiti, kwalbar maganin tana aljihuna don a gani.

Kwana uku ya yi a kwance. Yaran liman da wasu mata biyu da su ma suka ɗan ci an duba su an sallame su a ranar. Da na je ba shi haƙuri sai ya ce, "Ɗana, ba ni za ka ba haƙuri ba. Daga hannun uwarka na ci, ba naka ba."

Ita kuwa ba ta yi mini faɗa ba. Da hannunta ta tuge garkar duka, har kabewar da ta fara 'ya'ya, ta hana ni taya ta.

Tun daga nan ba na miƙa wa mutum kwalba sai na gaya masa kwanakin jira, sai ya maimaita mini. Wasu sukan ce na cika surutu, su koma shagon gaba. Su je.

Idan na zauna lissafi, ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Garkar shekara ɗaya da kuɗin asibiti ba komai ba ne. Asarar tana wani wuri. Da damina ta zagayo Inna ta sake shuka, ta sake kwaɗawa, ta sake kaiwa. Amma duk gidan da ta shiga, sai ta buɗe kwanon ta ci loma ɗaya a gabansu kafin ta miƙa. Babu wanda ya nemi ta yi hakan. Haka ta riƙa yi har Allah ya karɓi ranta, kuma wannan ban iya biya ba.