Shukar da Lorna Ta Bari

Shagona yana kan babban titin Salisbury, a arewacin birnin Adelaide, tsakanin mai facin taya da wata mata mai gasa burodi. Fitilu nake sayarwa, da fanka, da tukwane, da takin ruwa iri-iri, kayan masu shuka a cikin ɗaki. Kowa ya san abin da ake shukawa a ƙarƙashin irin waɗannan fitilu. Na sani, maƙwabta sun sani, 'yan sanda ma ba makafi ba ne. Amma a shagona ba a kiran sunan wiwi. Duk wanda ya shigo tumatir yake nomawa, ko da warin abin yana biye da shi har bakin kanta. Wanda bakinsa ya suɓuce sai in nuna masa ƙofa. Ba a kawo mini ganye in duba, ni kuma ba na taka gidan kowa. Sunana Toula, a gonar tumatir ta gaske na tashi, ta ubana da ya zo daga Girka, kuma an shaide ni da rashin haƙuri.

Yawancin masu sayen kayana samari ne masu zane a wuya, kowa da kwalbar da yake rantsuwa da ita. Wannan ya ce kashin jemage, wancan ya ce ruwan ciyawar teku, wani kuma ba ya sayen komai sai mai hoton damisa a jiki. Merv Tregenza bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Dogon tsoho ne mai gogaggiyar riga da mataji a aljihu. Fentin mota ya yi a masana'anta tun yana saurayi har aka rufe ta, ranar Lahadi kuma shi ke jera kujeru a coci. Ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba. Ranar da ya fara shigowa, bayan matarsa Lorna yake tafe, riƙe da jakarta, yana ta waiwayen ƙofa.

"Merv, daina raɓe-raɓe kamar ɓarawon kaza," in ji ta. "Taki muka zo saya."

Lorna 'yar firit ce, ta ɗaure kanta da ɗankwali don maganin asibiti ya kwashe mata gashi. Ciwon daji ne, ya riga ya kama ƙashi. Ba ta iya barci, abinci kuma ba ya zama a cikinta. Wata maƙwabciya ce ta ba ta ɗan reshen wiwi a cikin kofi, ta nuna mata yadda ake haɗa abin da man shanu a yi biskit. Da shi take samu ta runtsa. Ita kuwa dama mai hannun shuka ce, lemon bayan gidanta duk layin ke sha.

Ban taɓa ganin mai zaɓen taki irinta ba. Ba ta karanta rubutun jikin kwalba. Buɗewa take yi ta shinshina, ta yamutsa fuska.

"Wannan na 'yan gayu ne, Toula. Miƙo mini wancan na ƙasa, mai ƙarnin kifi."

"Haba Lorna, shi ne mafi araha a shagon nan. So kike in rufe in koma bara?"

"Ki koma mana, kina da muryar. Shuka ba kullum take jin yunwa ba, 'yar nan."

Kwalba ɗaya takan kai ta wata da watanni. Shi Merv nasa ɗaukar kaya ne da buɗe ƙofar mota.

Ta rasu a tsakiyar sanyi. Na je jana'izar na tsaya can baya, na ɗauka shi ke nan na rabu da mutanen gidan. Ba a jima ba sai ga Merv a bakin kanta, riƙe da kwalbar nan mai ƙarnin kifi, babu ko ɗigo a ciki.

"Irin wannan," ya ce.

"Merv, wa zai ci biskit ɗin yanzu?"

"Ba biskit nake yi ba."

Sai daga baya na fahimta. Cikin shukokin Lorna akwai guda ɗaya da masu wannan harka ke kira uwa, wadda daga jikinta ake yankar rassa a dasa. Shukar tana da wani hali. Muddin hasken da take samu dogo ne kamar yinin bazara, ba za ta yi fure ba, kuma za ta yi ta rayuwa. Da zarar yini ya fara gajarta sai ta yi fure ta ƙare. Akwai ɗan agogo da ke kunna fitilar ɗakin ya kashe ta, Lorna ce ta saita shi da hannunta. Merv ya zubar da sauran shukokin, ya bar uwar, agogon kuwa bai taɓa shi ba. A ɗakin nan kullum bazara ce.

Haka ya kwashe shekaru. Bai tsinki ganye ɗaya ba, bai ba kowa reshe ba. 'Yarsu da ke aure can birnin Perth mai nisa ta yi roƙon duniya ya je ya ga jikoki, ya ce ba shi da mai ban ruwa. Ta ce wata rana 'yan sanda za su ɗauke shi da tsufansa a kan ciyawar da ko sha ba ya yi. Ya ce su zo, ƙofa a buɗe take.

Idan ya zo shago yakan ɗan tsaya hira, hirar ce kuma ba na so.

"Da na shiga, sai in tarar ganyen duk sun juyo wajen ƙofa," ya ce da ni wata rana.

"Iskar fanka ce, tsoho."

"Lorna ma haka take juyowa in ta ji tafiyata."

Wata ranar kuma yana gyara zaman matajinsa ya ce, "Jiya ina cikin zuba takin na ji an yi tsaki a bayana. Irin nata, ɗan gajere." Na yi dariya na ce ya je a wanke masa kunne. Amma bayan ya fita sai da na waiga bayana, a cikin shagona, da rana tsaka.

Daga nan shukar ta fara rawaya. Merv ya zo hankali tashe ya ce tana jin yunwa, a ba shi wanda ya fi ƙarfi. Na ba shi na ce ya yi a hankali. Bai daɗe ba ya dawo yana neman wanda ya fi wancan. Samarin nan suka samu abin yi, kowa na tallar gwaninsa.

"Baba, gwada mai damisa, ko matacce sai ya tashi!"

"Ƙarya yake yi, Baba, kashin jemage ne maganinta."

Ya yi ta saye, daga kwalaben ƙasa har ya kai na saman kanta, waɗanda ni kaina ban yarda da su ba. Ran nan raina ya ɓaci na ce ba zan ƙara sayar masa da komai ba. Ya tafi wani shago a unguwar Elizabeth ya ci gaba da saye. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, kuma ya daina zuwa jera kujeru.

Wata rana a farkon kaka, babu kowa a shago, ya shigo ya zaro hankici daga aljihu ya shimfiɗa a kan kanta. Ganye ne a ciki. Bakinsa ya ƙone ƙurmus, ya lanƙwashe kamar farcen kaza.

"Merv! Ka san doka."

"Na sani, 'yar nan. Mutuwa take yi. Ki kore ni in kin gama dubawa."

Na dubi ganyen, na dube shi, tausayinsa ya kama ni har ya ba ni haushi. Na rufe shagon na shiga motarsa.

Gidan tsaf yake, kamar ba kowa a ciki. Ya kai ni wani ɗan lungu, gaban wata rufaffiyar ƙofa, na kai hannu zan murɗa ya riƙe ni.

"Tsaya. Ba ta farka ba."

"Wa?"

"Lorna ta saita ta riƙa barci da rana, lokacin zafi, kamar yadda ita ma take yi. Yanzu za ta tashi."

Muka tsaya a lungun. Ba a daɗe ba na ji ƙas daga ciki. Haske ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a kan takalmanmu, fanka ta fara ja a hankali, kamar mai barci ya sauke numfashi. Tsigar jikina ta tashi. Merv ya ƙwanƙwasa kafin ya buɗe.

Shukar tana tsakiyar ɗaki, gindinta ya yi kauri kamar hannuna, ya zama itace, ta karkace an tallafe ta da tsummokin ɗankwali. Rabin rassan ba ganye. A gefe ga kujerar Lorna da rigar sanyinta a rataye, don a nan take zama ɗumin fitila yana ratsa mata ƙashi. Kwalabe kuwa sun jeru a jikin bango tun daga ƙofa har taga. Na durƙusa na duba tukunyar. Bakinta ya yi fari fat da gishirin taki, na kankara da farce yana zuba kamar gari.

"Merv, wannan ba yunwa ba ce," na ce, kuma ban sassauta murya ba. "Ɗura ka yi mata har ta kasa haɗiya. Saiwar ta ƙone. Duk lokacin da ta yi rawaya tana cewa ya isa, kai kuma kana ƙara mata. Ka kwashe tarkacen nan ka zubar. Ruwa kawai take so."

Ya lalubi bango ya zauna a ƙasa, kusa da kujerar, ba a kanta ba.

"Me kika ce?"

"Na ce ruwa kawai."

Ya dubi rigar sanyin.

"Haka ta ce. A ƙarshen nan, da ta daina ci. In dafa romo, in dama kunun alkama, in murƙushe ayaba, in zo da cokali. Ta ce, Merv, ruwa kawai. In ce ki daure, cokali ɗaya, don ni. Ta karɓa don ni, ta amayar, in goge in koma kicin in dafa wani. Gani nake in dai tana ci ba za ta tafi ba. Ranar ƙarshe ta nemi ruwa, na ce to, bari in ɗumama romo tukuna. Ta yi tsaki ta juya wa bango fuska. Ina kicin ina juya tukunya ta tafi."

Fanka na ta kaɗa 'yan ganyen da suka rage. Da ƙyar na ce akwai reshe ɗaya mai ɗan rai can sama, zan iya yanka in dasa masa, ya samu sabuwa daga jikinta.

Ya girgiza kai. "Sabuwar ba ta san ta ba."

Can ya ɗago. "In na fitar da ita waje fa?"

"Kaka ta shigo, Merv, yini ya gajarta. In tana da sauran ƙarfi za ta yi fure. Daga nan shi ke nan."

"Shi ke nan," ya maimaita. Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Kama mini."

Muka ɗauke ta, nauyi kamar me, muka bi ta kicin muka ajiye ta bayan bishiyar lemon, inda ba mai hange daga titi. Ya cika butar ban ruwa a famfo, ya tsiyaya mata a hankali har ruwan ya fito ta ƙasan tukunya. Rana ta gaske ta sauka a kanta, abin da ba ta taɓa gani ba.

Ta yi fure, 'yan ƙanana, kamar an yi don kunya. Kafin sanyi ya kankama ta bushe. Merv ya haƙa rami a gindin lemon ya binne ta da tsummokin ɗankwalin. Shi ya zo ya faɗa mini, rigarsa a goge, kuma ya ɗan yi kumari. Ya ce zai je Perth in an yi hutun makaranta. Ya tsaya gaban kwalabena yana kallo, hannuwansa a baya, bai sayi komai ba. Da zai fita ya roƙe ni in zo in kwashe masa na gidan, don bai san inda ake zubar da irinsu ba.

Na je da yamma ɗauke da kwali. Ya riga ya fito da kwalaben ya jera a lungun. Ina durƙushe ina lodawa na ji ƙas. Haske ya ɓullo ta ƙarƙashin ƙofa, fanka ta ja numfashi.

"Merv, ba ka cire agogon ba? Ba komai a ɗakin fa."

Ya fito daga kicin riƙe da kofin gilashi cike da ruwa, yana takawa a hankali kada ya zube. Ya ƙwanƙwasa, ya buɗe, ya shiga. Ta 'yar kafar ƙofa na ga ya ajiye kofin a kan ɗan tebur kusa da kujerar, ya juya shi yadda hannu zai iya kaiwa.

"Ga shi, Lorna," ya ce. "Na kawo."

Na ɗauki kwalina na fita ban yi sallama ba. Na ga hannun rigar sanyin nan ya motsa, amma akwai fanka a ɗakin.