Kufan da Ba a Shiga da Takalmi

Ranar Lahadi ina dawowa daga Danchadi na ga tifa tana lodin ƙasa a kufan da kakanninmu suka gwabza da Turawa. Na tsayar da babur, na tambayi direban ko ya san wurin. Ya ce, "Malam, fili ne, bulo za a buga."

Fili! Nan take kakata ta faɗo mini a rai.

Duk bayan girbi takan je kufan nan da ƙoƙon gero, ta watsa wa tsuntsaye sadaka, don nan aka kashe kakanta. Ran da na fara raka ta, ina saurayi mai ji da sabon takalmi, ta tsaya a bakin wurin ta tuɓe nata.

"Tuɓe, mijin banza. Mutane na kwance nan."

Na tuɓe. Ƙasa ta yi zafi, tsingaro ko'ina, ƙarangiya ta cika mini ƙafa. Na fara mita, ta juyo.

"Su harsashi yas soke su ba su gudu ba, kai ƙarangiya kaka wa kuka?"

Yau ga taya ta bi ta kansu, mu jikokinsu muna wucewa ko sallama babu.

Allah Ya jiƙan ki, Kaka, Ya haɗa ki da su. Mu kuwa, Allah Ya ba mu kunya kafin ƙasar nan ta karɓe mu.