Bututun da Na Ce Mu Jira

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin uwar 'ya'yana ta riga ni. Ilimina na boko ya tsaya a firamare, sauran a tashar Tsafe na ƙarasa shi, inda na tsufa ina lodin motoci. Amma ko yau aka taɓo zancen kimiyya sai na gyara hula.

Shekarar da ciwon daji ya kama uwar 'ya'yan nawa a nono, muka zama 'yan hanya. Mu tafi asibiti Gusau, a ɗaura mata ruwan maganin nan, mu dawo tana amai tun daga mota. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ko kunu sai da lallashi. Ni kuma gwiwa ta ƙi, bencin asibiti ya cinye mini ƙugu. Mun gaji, gajiyar da barci ba ya warkarwa.

Ana haka ɗan ƙanena, malamin kimiyya a wata sakandare a Bungudu, ya zo dubiya. Ya dube ta, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, ka san masana na ƙera wasu 'yan bututu daga sinadarin da ke cikin gawayi? Ido ba ya ganinsu. A ɗura musu magani, su wuce lafiyayyen nama, sai kan ciwon su sauke."

Na ce, "Tsaya, yaro, wannan fannina ne. Wato maganin yanzu motar haya ce, kowane ƙauye sai ta sauke kaya. Naku kuwa shata ce, har ƙofar gida."

Ya yi dariya ya ce kusan haka ne, sai dai har yanzu gwaji ake, yawanci a jikin ɓeraye, ba a ma gama sanin illarsa ba. Wannan ɓangaren kunnena bai ɗauka ba. Kunnen tsoho yana da zaɓe.

Na yi kwanaki ina wa'azin bututu. Mai shayi ya sha, liman ya sha, har wani bafulatani da ya zo sayar da rago bai tsira ba.

Da ranar komawa asibiti ta zo, na same ta bakin gado tana laluben takalmi da ƙafa. Na yi gyaran murya irin ta manyan likitoci.

"Hajiya, na yi nazari. Ruwan nan yana cin ki fiye da ciwon. Mu dakata haka nan, mu jira na bututu ya iso."

Ba ta ko ɗago kai ba.

"Yaushe zai iso, Malam?"

"To, ana kan aiki."

"Shi ciwon ka gaya mishi ya jira? In kai ka gaji da rakiya, faɗi gaskiya ka zauna gida. Ni ban gaji da raina ba. Miƙo min mayafina."