Ƙugiya a Dunduniyar Ƙanena

Ni ne na yi kuskure, kuma ba ni da wata hujja.

An yi wa ƙanena maganin ciwon daji na kaluluwa a asibiti. Da kumburin wuyansa ya sace, sai na ɗauka ya warke, na mayar da shi kwalekwale muka ci gaba da kamun kifi a Wara. Ba a daɗe ba ya fara sakin filafili cikin ruwa, yana tuntuɓe inda babu ko dutse. Ya ce, "Yaya, ƙafafun nan kamar ba nawa ba." Na ce kwanciya ce ta yi masa daɗi. A bakin ruwa, gaban masunta, na kira shi rago. Aka yi dariya, ya sunkuyar da kai.

Wata safiya muna cikin aiki na ga jini a ƙasan kwalekwale. Ƙugiya ce ta nutse a dunduniyarsa, shi kuwa bai sani ba. Na zare ta, ko motsi bai yi ba.

Da muka koma asibiti, likita ya ce ciwon dajin ya shiga laka da jijiyoyi. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara, na kasa ɗaga ido.

Ƙanena bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Ni nake yi masa alwala. Wata rana ina wanke ƙafar, hannuna ya faɗa kan tabon. Na ce, "Ka gaya mini gaskiya na ƙaryata ka, na kunyata ka cikin mutane. Don girman Allah ka yafe mini."