Kayan Sanyin da Matata Ta Saƙa

Shekarar da soja suka canza launin kuɗi suka rufe iyaka, ita ce shekarar da muka yi shuka sau uku a ƙauyenmu da ke kusa da Gangara, amma gidanmu bai ɗaure dami goma ba. Ruwa ya sauka sau biyu ya ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mata suka koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji, suna sauya mata ruwa kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin sa wa a baki. Samari da yawa sun tafi kudu. Ni ban tafi ba, domin matata tana da cikin fari, kuma Inna, mahaifiyata, ƙafa ta fara hana ta zuwa ɗiban ruwa. Ranar kasuwa nakan je Sabon Birni in yi dako.

Matata ta iya saƙar ulu. A Isa ta koya, lokacin da ta zauna wajen gwaggonta, a hannun matar wani malamin asibiti. A ƙauyenmu babu wata mace da ta iya. Da muka sayar da akuyarta muka auno dawa, sai ta roƙe ni in rage ɗan wani abu in sayo mata rigunan sanyi na gwanjo, ko da sun yage, ita dai zaren take so. Na samo uku, ɗaya ja, ɗaya ruwan toka, ɗaya kuma koriya da wuta ta ci hannunta. Ulu sabo ba na irinmu ba ne a shekarar nan, ko tambayar kuɗinsa ban yi ba.

Ta zauna ta warware su zare zare. Zaren da aka warware yakan fito a nannaɗe, sai an jiƙa shi an naɗe a jikin kwalba ya bushe kafin ya miƙe. Ruwan kuwa daga ramin da ake tonawa a cikin busasshen gulbi ake ɗebo shi, tafiya mai nisa, ga layi. Daga rabonta na wanka take ragewa. Allurar saƙa ba ta da ita, sai na roƙi mai gyaran keke ya ba ni wayoyin ƙafar keke biyu, na goga bakinsu a dutse har suka yi santsi. Da su ta yi aikin, wata huɗu, bayan ta gama surfe da girki, a cikin ɗaki, ƙofa a saye. In ta ji motsin Inna sai ta tura kayan ƙarƙashin tabarma.

Wanda bai san mu ba zai ce me ake ɓoyewa. A wajenmu mace ba ta nuna tana shirin ɗan fari. Ba ta ambaton cikin, in ya zo ba ta faɗin sunansa, ba ta yi mishi wasa gaban manya. Uban ma haka. Ni da ita ba mu taɓa cewa ga wanda ake saƙa wa kayan ba. Takan dai ɗaga 'yar hula ta sa dunƙulen hannunta a ciki ta dube ni, ni kuma in kau da kai ina murmushi. Lissafinta haihuwar za ta faɗo tsakiyar ɗari, kuma ta ga yadda jarirai ke yi da tari a shekarar da uwa ba ta ƙoshi.

Saura kwana shida a kai ta Gatawa goyon ciki gidan iyayenta, sai yayata ta zo daga Sabon Birni. Ita ce babba a ɗakinmu, ita ta goye ni. Mijinta yana kai kaya Nijar, rufe iyaka ya zaunar da shi, suna da 'ya'ya bakwai. Ta shiga ɗakin matata wai za ta taya ta haɗa kaya, ta buɗe kwalla, ta ga saƙar a jere. Ta kwaso su ta fito tsakar gida inda nike zaune da Inna, tana ɗaga su ɗaya ɗaya tana yaba hannun.

Sannan ta juya ta ce, "Amarya, waɗanga na wa na?"

Cikin wata bakwai ne a gabanta, ko makaho ya san na wa ne. Matata ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Gaban uwar miji aka tambaye ta. Ta ce, "Ba na kowa ba ne, Yaya. Hannu dai nike motsawa."

"To madalla. Tunda ba su da mai su, za ni tahi da su, akwai inda za su yi amfani."

Ina zaune. Wannan ne abin da har yau ban manta ba. Kalma ɗaya ta isa, in ce a'a Yaya, a bar su. Amma in na faɗa, za a ce don me, kuma amsar ita ce abin da ba a faɗi gaban Inna. Na dubi Inna ina jiran ta tsawatar, ita da ta san komai, ita da ta sha ganin zare ja a bakin tabarma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Yaya ta ƙulle kayan a ɗankwali, har da sauran ƙwallon zaren da wayoyin keken a soke a jiki, ta ce 'yarta ma za ta gwada koyo.

Ranar kasuwa na gane inda suka yi amfani. Akwai wani mutum da aka damƙa wa mabuɗin ɗakin da ake ajiye hatsin agaji, matarsa ta haihu a makon. Yaya ta kai kayan gidan suna a matsayin nata gudummawar, ta ce daga Maraɗi mijinta ya taho da su. Mata suka yi ta juya su ana mamaki. Bayan kwana biyu aka kai wa Yaya buhun masara har gida, alhali mu da aka rubuta sunayenmu tun da damina muna ta zarya ana ce mana a dawo. Daga cikin buhun ta aiko mana da tiya biyu.

Na sami Inna ita kaɗai na ce abin da Yaya ta yi bai kyautu ba, ta san sarai na wane ne, ta yi tambayar ne a inda ta san ba za a iya ba ta amsa ba. Inna ta ce yara bakwai za su ci tuwo, ni ina maganar zare. Na ce to wanda ke tafe fa, me zai sa? Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Ashe ba ka da kunya? Ɗan fari kake yi wa faɗa a gabana?"

Nan maganar ta mutu. Aka mayar da ni mai laifi, har kawuna ya kira ni ya yi mini nasiha a kan rashin ta ido. Babu wanda ya kira Yaya. Ban ce yunwar 'ya'yanta ƙarya ba ce, na gan su da idona. Da ta zo ta ce ƙanena, ga halin da nike ciki, ku ba ni, wallahi da matata ta ba ta rabi, ko ma duka, ta san kyauta ta yi. Amma ta bi ta inda aka ɗaure mana baki da tarbiyyar da su suka koya mana, ta ɗauka, aka kuma sa mu gode da tiya biyu.

Matata ta ci gaba da aikinta. Masarar ma ita ta surfa ta tuƙa, ta zuba wa kowa, ta ce ita ba ta jin ci. Na yi niyyar in sake sayo gwanjo, amma babu sauran akuya, kuma ko na samo babu sauran wata huɗu. Da na kai ta Gatawa, kwallar da ta ɗauka tsofaffin zannuwa ne a ciki.

Ta haifi namiji cikin tsananin sanyi. A tsumman zani aka naɗe shi, kakarsa ta wajen uwa ta yanka hannun tsohuwar rigar mijinta ta ɗaure bakin ta yi mishi hula. Ya yi tari har ya kusa wata biyu, ana kwana da shi bakin murhu. Allah ya raya shi. Yaya ta zo suna da sabulu guda, ta ɗauke shi ta ce yaron nan ba a rufe shi da kyau.

Malaminmu na ajin manya ya ce kowa ya rubuta abin da bai manta ba, shi ya sa na rubuta wannan. Abin da ya fita daga ɗakin nan ranar: rigunan sanyi biyu, huluna uku, safa ƙafa huɗu, ɗan bargo da ba a gama gefensa ba, ƙwallon zare ɗaya da rabi, wayoyin keke biyu, da aikin wata huɗu. Matata kuma ba ta sake saƙa ba, yau shekara goma sha ɗaya ke nan.