Allurar da ke ƙarƙashin mayafi

Har yanzu ina tuna ranar Larabar nan ta watan jiya. Ina aiki a warsha, wato garejin gyaran mota na kawuna, Usta Haruna, a ƙauyenmu kusa da Kamlin. Tun da na gama sakandare nake riƙe masa mitar awon wuta, don idonsa ya fara rauni.

Da hantsi Malam Isiyaku, wani mai hawasha, wato gonar noman rani, ya kawo motarsa. Da ita yake kai tsohuwarsa asibitin Madani wankin ƙoda, kuma washegari ne ranarta. Ya ce, "Usta, a cikin gari lafiya lau take, amma in ta hau kwalta sai ta riƙa rawa."

Sitiyarin irin wannan mota yana bin gudu ne. Akwai 'yar na'ura a jikin giyabos mai gaya wa kwamfuta saurin mota. In ana tafiya a hankali sai a sassauta sitiyari, in an yi gudu a ƙara masa nauyi. Muka duba mai, bel da fis, na auna wayar bawul, komai daidai. A tsakar warsha kuwa ba abin da zai nuna. Kawu ya ce, "Shigo, Zainabu, mu ji da hannunmu."

Muka bi hanyar gefen tur'a, babban magudanar ruwan gonaki. Da ya taka mai, sai na ga ya ɗan kauce wa rami, amma motar ta wulwula gaba ɗaya kamar an fizge ta. Ruwa kawai nake gani a gilashi. Na ji Kawu na salati. Cikin jijjigar nan mayafin karammiskin da aka lulluɓe gaban motar na ciki, wato dashbod, da shi ya zame, na ga allurar gudu kwance a sifiri, alhali muna sheƙa gudu.

Tayar gaba ta tsaya a bakin gaɓa. Kawu ya riƙe kaina ya ce, "Halas, ya wuce, 'yata, muna raye." Da ƙyar na ce, "Kawu, allura ba ta motsi."

A wajenmu kowa na rufe gaban mota don kada rana ta fasa robar, kuma kowa a tur'a yake wanke ta. Da muka dawo warsha muka shiga ƙarƙashin motar, mahaɗin wayar na'urar ya yi kore shar da tsatsa da laka. Kwamfuta na zaton mota a tsaye take, shi ya sa ta bar sitiyari sakwaf. Na kankare, na sake haɗawa, allura ta tashi.

Da Malam Isiyaku ya ji, sai ya ce, "Wallahi, Usta, rabona da ganin allurar nan tun damina. Uwargida ce ta ɗinka mayafin." Kawu bai yi masa faɗa ba. Almakashi ya ɗauka ya yanke taga daidai allurar, ya ce, "A gaya mata ta yi masa baki."

Na gane mutanenmu ba sakaci ke gare su ba, tattalin abinsu ne yake ɓoye musu ciwonsa. Yanzu kafin in taɓa waya, sai na tambayi mai mota inda yake wanke ta. Washegari tsohuwa ta isa Madani lafiya. Ni dai har yau ban sake bin gefen tur'a a mota ba.